Tsohuwar hular sojan Jamus mai tsini: in shafa mata mai ko in ƙyale ta?

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina zaune a Hambug ta ƙasar Jamus, satin da ya wuce na shiga kasuwar gwanjo ta ranar Asabar na ci karo da wata tsohuwar hular soja ta baƙar fata mai tsini a ka, da tambarin gaggafa na tagulla a goshi, na kasa haƙuri na saye ta. Matsalar ita ce jikinta duk ya tsattsage kamar taɓo in ya bushe, leɓen baya ya saki yana reto, saman ya ɗan loɓa a ƙarƙashin tsinin, ga wani koren abu mai maiƙo a gefen tagullar. A ƙarƙashin leɓen bayan akwai hatimi B.A.IX da 1913. Niyyata in shafe ta da man kaɗanya ta yi laushi, in bi da man takalmi, in goge tagullar da Brasso, leɓen kuma in liƙe shi da supa gulu, don ina so in kai ta gida Kano a Disamba. Abokina ne ya ce in fara tambayarka tukuna. Kuma wai irinta ce Jamusawa suka sa a Kamaru?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi wa abokin nan naka godiya, don abubuwa huɗun da ka lissafa, man kaɗanya da man takalmi da Brasso da supa gulu, ba ɗaya a cikinsu da zai taɓa hular nan in har ka ji shawarata. In na fahimce ka, kana tambaya ne yadda za ka dawo da ita hayyacinta ba tare da ka lalata ta ba, da kuma ko za ta jure zaman Kano. Ni na taso a gidan dukawa, tun ina yaro nake riƙe basilla, kuma abin da aka koya mana shi ne fata in ta bushe a ba ta mai, shikenan. Sai da na zo nan na fara aikin gyaran tsofaffin kayan fata sannan na gane wannan ƙa'idar ta jakar da ake amfani da ita ce da linzami da sirdi, ba ta hular da ta haura shekara ɗari tana zaune ba.

Me ke hannunka tukuna

Sunanta da Jamusanci Pickelhaube. Sarkin Furushiya, ɗaya daga cikin masarautun Jamus na da, Friedrich Wilhelm na huɗu, shi ya shigo da ita cikin kayan sojansa a 1842, ta farkon doguwa ce sosai har tana rinjayar kai, aka yi ta rage mata tsawo da nauyi sannu a hankali, sauran ƙasashen Jamus suka bi sahu, Bafariya ce ta yi jinkiri sai 1886 ta karɓa. Taka mai shekarar 1913 da kayan tagulla tana cikin samfurin 1895, wanda da shi aka shiga yaƙin duniya na farko a 1914. Gaggafar nan ta Furushiya ce, in ka duba da kyau za ka ga rubutu a jikin wani ɗan ƙyalle da ya ratsa ta, Mit Gott für Koenig und Vaterland, wato tare da Allah, domin sarki da ƙasar haihuwa. Da ta Bafariya ce zakuna biyu za ka gani, ta Wurtembag kuma zaki da barewa. 'Yan igwan Furushiya kuwa ba tsini suke sawa ba, ƙwallo ne a saman tasu.

Hatimin B.A. ɗin nan na ofishin rabon kayan soja ne, IX kuma runduna ta tara, wadda hedikwatarta take Altona. A lokacin Altona gari ne mai zaman kansa a ƙarƙashin Furushiya, daga baya ne aka haɗe shi da Hambug, kaga ke nan hular ba ta yi nisa da gida ba. Hatimin kuma yana nuna ta ƙaramin soja ce da gwamnati ta ba shi, don hafsoshi da kuɗinsu suke sayen nasu, shafin cikin nasu har da siliki. Wannan hatimin ka kula da shi kamar ido, rabin darajar hular yana wurin, kuma shi ne abu na farko da mai yake haɗiyewa, fatar ta yi duhu tawadar ta ɓace.

Batun Kamaru kuwa a'a, ba ita ce kayan aikin sojojinsu na can ba. Turawan rundunar mulkin mallaka farar hular rana mai faɗi da malafar gashi suke sawa, baƙar fata mai sheƙi a zafin ranar Garwa ta arewacin Kamaru ai azaba ce. Don haka in wani dillali ya ce maka an tsinto irin wannan a yaƙin Garwa na 1915 ko na Mora da aka ƙare a 1916, riƙe aljihunka. Ko a Turai ma ba ta daɗe a fagen fama ba, a 1915 suka koma sa mata ƙarfe mai ruwan toka da tsinin da ake cirewa, fata ta yi ƙaranci har ana yin ta da gashi da kwano, a 1916 kuma hular ƙarfe ta karɓe wurinta saboda fata ba ta tare ɓarɓashin harsashin igwa.

Dalilin da ya sa mai ba zai yi ba

Nan ne gundarin maganar. Baƙin da kake gani yana tsattsagewa ba fata ba ce. Fatar tana ƙarƙashi, ƙirgin saniya ne da aka jeme da ɓawon itace, kusan yadda majemanmu ke yi da bagaruwa, aka jiƙa shi aka matse a kan katako mai siffar kai har ya sandare. A kansa aka yi ta shafa wani ƙaro da ake kira shelak, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan, aka haɗa da baƙin launi, shafi a kan shafi har ya yi kauri ya yi sheƙi. To fata tana numfashi, in da laima ta kumbura in an bushe ta tsuke, shi kuwa shelak ba ya bin ta, ga shi da shekaru yana ƙara ƙarfi kamar gilashi. Shekara ɗari da wani abu ana wannan ja-in-ja, dole ya tsage. Abin da ka gani ke nan.

Yanzu ka ɗauka ka shafa man kaɗanya. A saman shelak ba zai shiga ba sam, sai ya bi ta tsagar ya gangara ya shiga tsakanin fatar da shelak ɗin, ya raba su, bayan wata biyu ka ga baƙin yana ɓanɓarowa kamar ɓawon gyaɗa. Kuma daga ranar ba wani sabon shelak da zai ƙara kama wurin, don ba ya zama a kan maiƙo, ka rufe wa mai gyara ƙofa ke nan. Sannan ita hular ba a yi ta don ta yi laushi ba, taurin nan shi ne siffarta, in ta yi laushi nauyin tsinin zai ƙara danna saman ƙasa. Ga kuma koren abin da ka ce kana gani, wannan haɗuwar tagulla ce da kitsen da ke cikin fata, duk man da ka ƙara abincinsa ka ƙara. Man takalmi shi kuma cika tsagar yake yi da kaki da launi, rana ɗaya ta yi kyau, daga baya ya daskare ya kama ƙura, fitar da shi daga tsaga dubu sai wanda ya gwada. Na taɓa karɓar wata da mai ita ya shekara yana ba ta man ƙafar saniya duk wata don ƙauna, ta zo min tana naso kamar ƙosai a takarda, ban iya yi mata komai ba sai dai na yi ta tsane ta, har yau ba ta koma daidai ba.

Supa gulu kuwa yana shiga cikin zaren fatar ya mayar da wurin kamar dutse, gefensa ya karye, kuma ba ya fita sai da abin da zai narkar da shelak ɗin ma gaba ɗaya. Brasso yashi ne mai laushi a cikin ruwan sinadari, yana cin fuskar ƙarfen, in akwai sauran ruwan zinare a jikin gaggafar zai tafi da shi a zama ɗaya, ya bar maka farin gari a kowane lungu na gashinta. Masu tara waɗannan kaya sun fi son tagulla mai duhun tsufa a kan wadda aka goge tana walƙiya kamar sabon kwano, in ka goge ka rage mata kuɗi da hannunka.

Abin da za ka iya yi da kanka

Fara da hoto, ta ko'ina, ciki da waje, kafin ka taɓa komai. Sai ka samu burushi mai laushi irin na masu zane ka kaɗe ƙurar a hankali, in ka ga wani ɓawon baƙin yana motsi ka tsallake wurin. Sannan ka shafa ɗan yatsa a cikin hular inda ba shelak, in jan gari ya biyo hannunka kamar garin bulo to fatar ta fara ruɓewa irin ruɓewar da ke kama fatar da aka jeme da ɓawo, wannan ka tsaya nan, kada ruwa ko ɗigo ya taɓa ta don nan take za ta yi baƙi ta ƙanƙance. Akwai wani gari da ake kira Klucel G da muke narkawa a sifirit mu shafa ya ɗaure garin, amma ɗaurewa kawai yake yi, ƙarfin da ya tafi ya tafi.

Koren abin nan ka cire shi da tsinken sakace, a hankali, ka bi da auduga a kan tsinke da ka ɗan tsoma a Waschbenzin, wani farin fetur na goge-goge, za ka same shi a shagon kayan gini ko na sabulai. Ka lura da kyau a nan, kada ka ɗauko kwalbar da aka rubuta Spiritus, wato sifirit, su biyun suna zama kusa da juna a kantar shago kuma duka farare ne kamar ruwa, amma na farkon ba ya taɓa shelak, na biyun kuwa narkar da shi yake yi. Ka buɗe taga, ka wanke hannu bayan ka gama. Tagullar kanta auduga mai ɗan danshi da ɗigon sabulu mara ƙarfi ta isa, ka tsane nan take. In komai ya bushe kana iya shafa wa ƙarfen da wuraren da baƙin yake lafiya ɗan Renaissance Wax, kakin da aka fara haɗawa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya, kaɗan sosai, amma in kana da niyyar a yi gyaran shelak nan gaba ka dakata da shi sai an gama.

Gaggafar a wannan samfurin ba noti ke riƙe da ita ba, wasu 'yan kunnuwa biyu ne na waya suke shiga ta huda biyu masu zobe, a soke su da 'yar fata ta ciki. In ka zare fatar za ta fito salin alin. Ka leƙa bayanta, hudar biyu ce kawai? Kuma shatin da gaggafar ta bari a jikin baƙin ya yi daidai da ita? In ka ga huda huɗu ko shatin wani tambari daban to an yi mata aure da kayan wata hular, abin ya yi yawa a kasuwa, ga jabun tambari da ake bugawa sabbi a tsufar da su da gangan. Tsinin kuma da ƙusoshi huɗu masu ƙafa biyu aka kama shi, ana tanƙwasa ƙafafun ta ciki. Waɗannan kam ka bar su. Tagulla in ta tsufa a tanƙwashe, miƙewa ɗaya take jira ta karye, ni kaina na karya biyu a hular farko da na buɗe, ina jin ƙas na san na yi ɓarna.

Leɓen baya, loɓawar sama, da tsagar baƙin

Leɓen ɗinki yake so, ba gam ba. Zaren asali ne ya ruɓe, hudojin suna nan, kuma ta cikinsu za a koma, ba a sabuwar huda ko ɗaya. Yadda nake yi, in bi kowace huda da siririyar allura da hannu in fitar da guntun tsohon zare da shelak ɗin da ya toshe ta, wannan kaɗai yana iya cin yini guda. Sai in ɗaga shafin ciki a hankali, in samu zaren lilin ko auduga in murza shi da kakin zuma, ban da zaren roba don ya fi tsohuwar fata ƙarfi yanka ta yake yi kamar wuƙa. Ina farawa daga tsakiya in tafi dama in dawo in tafi hagu, saboda ƙoƙon hular ya fi leɓen tsukewa, in ka fara daga gefe ɗaya kafin ka kai ƙarshe hudojin sun saɓa. Kuma ba a ja da ƙarfi irin ɗinkin takalmi, tsakanin huda da huda fatar ta yi rauni, in ka ja sai ta yage kamar takardar da aka yi wa layin tsaga. Kafin a kai ga ɗinki, ka tallafi leɓen da nannaɗen tsumma mai tsabta, don yanzu ƙarfen da ya gangaro ta ƙeya ne kawai ke riƙe da shi, yana reto yana lanƙwasa ƙarfen.

Loɓawar sama daga nauyin tsini ne da shekarun da ta yi, wataƙila ma da wani abu a kanta a cikin akwati. Ana iya ɗago ta amma da haƙuri. Nakan sa hular a rufaffen akwati da kwanon ruwa a gefe ba tare da ruwan ya taɓa ta ba, ta sha laima a hankali kwana biyu ko uku ina leƙawa kada fumfuna ta fito, sannan in ɗora ta a kan katako mai siffar kai da na yi wa matashi, saman ya ɗan tokare, in bar ta ta bushe a haka, in sake, wani lokaci sai an yi sati uku huɗu ana wannan. Abin da ba a yi shi ne zafi. Na taɓa gajiya da jira na ɗauko na'urar busar da gashi, ko minti biyu ba a yi ba baƙin ya yi ƙuraje ya taso, fatar ƙarƙashi ta tsuke wuri guda, garin neman gira na rasa ido, kuma fatar da ta tsuke da zafi ba ta komawa har abada. In loɓawar kaɗan ce, ni da zan bar ta.

Tsagar baƙin ita ce inda masu gyara suka rabu biyu. Wasu za su cike ta tas, su narka shelak a sifirit da baƙin launi, su yi ta ɗigawa a tsagar, a bari ya bushe kwana ɗaya ko biyu, a bi da samfefa mafi laushi, a sake, sau goma sau ashirin, daga ƙarshe a murza da ƙunshin auduga har ta yi sheƙi kamar madubi. Aikin yana yiwuwa kuma yana da wata fa'ida, shelak sabo yana narkewa ya haɗe da tsohon don jinsinsu ɗaya, shi ya sa ba a sa fentin mota ko na feshi. Amma ni ra'ayina, tsaga ƙanana da suka kwanta lafiya ba cuta ba ce, furfura ce, kuma hular da aka mayar sabuwa fil ta daina ba da labari, mai saye ma sai ya fara zargin ko jabu ce. Inda nake sa hannu shi ne inda ɓawon ya ɗago zai faɗi, in sa masa ɗigon shelak mai ruwa-ruwa ta ƙarƙashi da bakin burushi in danne, ko inda ya riga ya faɗi fata ta fito tsirara, in cike daidai wurin in tsaya. Wannan ba aikin gwaji ba ne a kan hular da kake so, sifirit ɗigo ɗaya in ya gangara zai bar maka layi har ƙasa. In kana son koyo ka nemi wani mataccen leɓe ko ƙoƙon da ya riga ya lalace, ana sayar da su da araha, ka yi wasa da su tukuna.

Shafin cikin, wanda aka yanka harshe-harshe aka zarge da igiya, shi ma ka bar shi yadda yake ko da ya yage. Tsohon shafi yagagge ya fi sabo daraja. Ruwan zinare kuma ni ba na sabunta shi, ba fannina ba ne, kuma ban taɓa ganin wanda aka sabunta ya yi kama da na asali ba.

Maganar kai ta Kano

Gaskiya wannan ta fi komai damuna. Irin waɗannan kaya sun fi son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma abin da ya fi cutar da su shi ne hawa da sauka. Kai kuma Disamba za ka kai ta, tsakiyar hunturu, lokacin da leɓen mutum mai rai ma tsagewa yake yi, daga Hambug mai danshi kai tsaye. Fatar za ta tsuke da sauri, ƙarfen da ya zagaye leɓen gaba ba zai tsuke tare da ita ba sai ya kumbura ya bar jikinta, sabon ɗinkin ya sha wuya. Bazara ta zo shelak ya yi laushi ƙura ta manne, Agusta kuma fumfuna. In dole sai ta je, ka yi mata akwatin gilashi mai rufuwa sosai, ka sa ɗan agogon auna laima a ciki da irin ƙunshin da ake sayarwa masu riƙe laima a ma'auni ɗaya, ka aje a ɗakin da rana ba ta bugu, nesa da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ko a nan ɗin ma kada ka sa ta kusa da hita ko a ɗakin ƙasa, kada ka ƙulle ta a leda, kuma kada ta zauna a kan leɓɓanta, ka yi mata 'yar sanda mai matashi a kai ta tallafe ta ta ciki leɓɓan suna sama ba sa taɓa komai. Yawancin leɓen da ke saki zaman da hular ke yi a kansu ne ya sake su. Kuma ba a ɗaukarta ta tsini, hannu biyu ake sawa a ƙarƙashi.

Daga bayani kawai ba zan iya yanke maka ko ɗinkin zai kama ba, sai an taɓa fatar an ji. Ka yi gwajin ɗan yatsan nan yau, ka turo min hoton bayan gaggafar da na layin hudojin leɓen da haske ta gefe, in ba jan gari kuma hudojin ba su yage sun haɗe da juna ba, sai in nuna maka kaurin zaren da za ka saya da lambar allurar.